Kwanon Da Ba Na Inna Ba

Akwai wani buhu a ƙarƙashin gadona, a gidana na Tarauni, da kwanuka masu murfi goma sha uku a ciki. Ba a cin abinci da su, ba a ba da aronsu, yarana ma sun san ba a taɓawa. Wataƙila ɗaya daga cikinsu ba namu ba ne, amana ce da aka bar wa mahaifiyata, ita kuma ta bar mini. Na ce wataƙila domin ban san wanne ba ne, ban ma tabbatar yana cikin buhun ba. Kuma ba kowa ya jawo wannan ba sai ni da karatuna.

A lokacin ina digiri na biyu a sashen da ake koyon aikin laburare da adana bayanai. Bincikena a kan yadda za a haɗa abin da ake riƙewa a hannu, littafi ne ko takarda ko wani kaya, da bayanin da ke ajiye a kwamfuta. Hanyar ba ta da wuya. 'Yar lambar nan ce mai kusurwa huɗu, baƙi da fari kamar saƙar tabarma, irin wadda ake gani yanzu a jikin kwalin magani da katin biki. Ka buga ta a sitika ka manna a jikin abu, duk wanda ya haska ta da waya sai bayanin ya buɗe masa. Abokan karatuna suka nufi littattafai da tsofaffin takardu. Ni kuwa, da yake akwai ni da rawar kai, na ce kayan ɗakin mata zan yi. Na tsaya gaban malamin da ke duba aikina na ce, "Malam, tarihin matan garin nan ba a littafi yake ba, yana cikin kabet." Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce lallai wannan magana ta shiga babi na ɗaya. Ranar kaina ya kumbura, da ƙyar na shiga a-daidaita-sahu.

Kabet ɗin da nake nufi na Inna ne, mahaifiyata, a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ya cinye bango guda na ɗakinta. Kwalla ce da samira da langa da tasoshi, jere bisa jere, tun na aurenta har waɗanda aka yi ta ba ta a haihuwa da dawowar mahajjata. Tun rasuwar Baba ba ta ƙara komai a ciki ba, ba ta kuma rage ba. Duk Juma'a da hantsi takan goge su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kowanne mazauninsa.

Sai dai ni ce 'yar fari, Inna kuwa mutuniyar da ce. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in kuma da wani take magana, "waccan". Ƙannena mata biyu su zauna da ita a yi ta hira ana shewa, ina shigowa sai ta gyara ɗankwali ta tambaye ni ya maigidan, ya yara, shi ke nan an gama. Na san kunya ce ba ƙi ba, kowa ya sha faɗa mini haka. Amma wallahi abin ya ci mini rai tun ina yarinya, kuma ban daina jin zafinsa don na girma ba.

Da na kawo mata maganar, ta amsa. Ta kafa sharaɗi biyu. Na farko, ba za a ɗauki hoto ba.

"Ba za a kai kayan ɗakina gaban ƙattin jami'a su yi ta kallo ba," in ji ta. "Bakin mutane ba shi da kyau."

Na biyu, ba za ta yi magana ina zaune ba. In bar mata wayar, in nuna mata inda ake dannawa, ita ta san yadda za ta yi. Na yarda da duka biyun ba tare da na tsaya tunani ba, don ni a lokacin babi na huɗu kawai nake hangowa.

Wata Asabar muka yi mannin. Ita tana saukowa da su tana miƙo mini, ni ina kifa kowanne ina manna sitika a gindinsa. Guda arba'in da biyu ne. Rabin hankalina yana kan wata ƙawata da muke waya da ita kan ɗinkin biki, saboda haka ban lura da wanne ya zo bayan wanne ba. Malamina ya riga ya ce in buɗe layi a jadawalina in rubuta siffar kowane kwano, launinsa da girmansa, kusa da lambarsa. Na ce masa to, a raina kuwa na ce tsohon yayi. Ai duk abin da nake son in nuna a kundin binciken nawa shi ne ba a bukatar wani rubutu a gefe, kwanon da kansa shi ne mabuɗin labarinsa. Layin na nan a jadawalin har yau, fari fat.

Na koya mata: ki haska gindin kwano, jan maɓalli zai fito, ki danna ki yi magana, in kin gama ki sake dannawa. Ta gwada sau biyu ta iya. Sannan ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, "In riƙa faɗin kowanne ne kafin in fara?"

"A'a Inna, kar ki wahalar da kanki. Lambar ta san kwanonta."

"To in aka wanke fa?"

Na yi dariya. "Inna, yaushe rabon da a sa wa waɗannan ruwa? Kuma mai bugawar ya ce ruwa ba ya yi musu komai."

Ta ce to. Inna ba ta jayayya da ni, ko da ta ga ina shirme.

Kusan mako uku ta yi tana abin. Ƙanwata da ke zaune da ita ta ce bayan azahar Inna take tura ƙofa, sai a riƙa jiyo ƙarar murfi da muryarta ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da dariya. Da na karɓi wayar na zauna na saurari sha biyu na farko. "Wannan, kakarku ce ta saya mini da kuɗin ƙuli-ƙulinta." "Wannan, ranar da aka kawo shi aka yi ruwan da ya rushe mana katanga." Ta ba da labarin yadda ta ƙona tuwon farko a gidan miji ta ɓoye tukunyar a bayan randa, tana faɗa tana dariya har da tari. Ban taɓa jin wannan muryar ba. Matar da ba ta iya haɗa jimla uku da ni, ga ta tana zuba da waya kamar ta samu ƙawa.

A sha biyu na tsaya. Na ce wa malamina sun isa misali, kuma gaskiya sun isa. Amma ba shi ne dalilin ba. Haushi ne ya kama ni. Kishin wayata nake yi, ni da girmana da 'ya'yana uku. Na ce sauran sai na huce, daga nan rubutu ya taso, gyara ya taso, yaro ya yi ƙyanda, na manta.

Wata ranar Lahadi na je gaishe ta na tarar tana tsintar shinkafa a faranti. Mun gama gaisuwarmu ta kullum, har na ɗauki jaka, sai ta ce, idonta a kan shinkafar, "Ke, kin saurari abin naki?"

"Na saurara, Inna."

"Duka?"

"Duka."

Hannunta ya tsaya a cikin farantin. Ta ce, "To, alhamdulillahi." Ta sake cewa, "Alhamdulillahi." Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta tashi ta raka ni har bakin zaure. Ni da wautata na ɗauka murnar digiri take taya ni.

Ranar kare kundi na roƙe ta aron langa ɗaya, da ƙyar ta yarda, na tafi da ita a jaka. A gaban malamai na kifa ta na haska, muryar Inna ta cika ɗakin tana labarin tuwon da ya ƙone. Aka yi dariya, aka tafa. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni me zai faru idan lambar ta ɓace. Na ba shi amsa mai tsawo da Turanci mai daɗi, wadda ko ni yanzu ban tuna me na ce ba.

Bayan shekara guda da 'yan watanni Inna ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini. Kwana uku ta yi a asibitin koyarwa ba ta ce uffan ba, rana ta huɗu da safe ta cika. Allah ya jiƙanta.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta karɓi ragamar gidan a zaman makoki, kamar yadda ta saba a kowace rasuwa da kowane biki. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa. Washegarin sadakar bakwai ina ɗaki da baƙin da suka makara da ta'aziyya, ina jiyo ƙarar kwanuka da zubar ruwa a tsakar gida, ban kawo komai a raina ba. Gidan makoki ba ya rabuwa da wanke-wanke. Sai da la'asar na fito alwala na ga an shimfiɗa tabarmi biyu, kayan kabet ɗin Inna kaf a kife a kai suna sheƙi a rana. Gindin kowanne tas. A makwarara kuwa ga 'yan dunƙulen takarda baƙi da fari sun taru a bakin rariya.

"Wai ke," in ji Gwaggo tana yarfe hannu, "wa ya manna wa baiwar Allahn nan takardu a kaya kamar na gwanjo? Ruwa ya ƙi cire su, sai da muka sa kananzir da soson ƙarfe. Haka za a fito da kayan mamaciya gaban masu rabo, a ce ba ta da tsafta?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Gwaggo, aikin shekara biyu kuka kankare!"

Gwaggo ta juyo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Uwarki ko kwana goma ba ta yi a ƙasa ba, kina maganar aiki?"

Na shige banɗaki na yi kukana. Da na fito na lallashi kaina: digiri dai an ba ni, muryar kuma tana nan a kwamfuta, me aka rasa? Bayan arba'in aka raba gado. Kwanukan suka watse, wasu gidajen ƙannena, wasu wurin matar ƙanenmu, wasu wurina. Tun kafin rabon, da yardarmu duka, Gwaggo ta cire huɗu ta bayar sadaka, uku ga matan da suka yi wa Inna wanka, ɗaya ga wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye wadda ba wanda ya san sunan garinsu.

Sai da aka yi wata biyar kafin na iya buɗe jadawalin. Wata Juma'a ce da rana, maigidan da yara sun tafi masallaci, kewarta ta taso mini har na rasa inda zan sa kaina. Na fara daga lamba ta sha uku. Ina ji ina kuka ina dariya, har na zo talatin da ɗaya.

Da farko ba magana, sai ƙarar murfi, an buɗe an rufe. Sannan ta ce:

"Wannan ba nawa ba ne."

Sai ta ci gaba. Ta ce lokacin da suke haya a Babban Giji, kafin Baba ya gina na Gyaɗi-Gyaɗi, akwai maƙwabciyarta, ɗakinsu na kallon juna. Ta faɗi sunanta da na mijinta. Ranar da za a kai matar asibiti haihuwa ta biyu, ta shigo da wannan kwano a ƙarƙashin mayafi ta ce na uwarta ne, a ajiye mata, in ba ta dawo ba a ba 'yarta ranar aurenta. Ba ta dawo ba. Yarinyar tana da shekara huɗu, dangin uba suka tafi da ita, mijin ya tashi daga unguwar. Inna ta ce ta aika sau biyu ba a dace ba, sai ta sa shi cikin jerenta don kada a yi ta tambaya. Shekara ta bi shekara, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, don yarinyar ta daɗe da isa aure, an kai ta ɗaki babu kayan uwarta.

"Ina tsoron in tashi da shi a wuyana," in ji ta. "Na kasa faɗa miki da baki. Ƙannenki ba su da riƙon magana. Ke ce babba, ke kika yi karatu, kin san yadda ake neman mutum. Ki nemo ta ki ba ta abinta, ki ce ta yafe mini." Sai ta kira sunana. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai taɓa abu mai zafi. Ta ce, "Kin ji ko?"

Daga nan shiru ne mai tsawo, ana jin numfashinta da kukan akuyar maƙwabta, kafin ta gano maɓallin.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tuna shinkafar, na tuna "duka", na tuna rakiyar bakin zaure. Matar nan ta yi shekara guda da 'yan watanni tana barci da daɗi a kan ƙaryata, ta mutu tana ganin ta sauke.

Abin da na yi bayan nan, rabinsa hauka ne. Tunda na ji ƙarar murfi, na san mai murfi ne, masu murfi kuwa goma sha bakwai ne. Na bi gidajen ƙannena na faɗa musu, suka fito da nasu ba musu, ƙaramar tana kuka. Matar ƙanenmu ta ɗan ja fuska amma ta bayar. Na haɗa sha uku. Huɗun da Gwaggo ta yi sadaka da su duk masu murfi ne, don ta ce ba a ba da sadaka da abin da bai cika ba. Na je wurin masu wankan, ɗaya ta sayar, ɗaya ta sa a kayan jikarta an kai wani gari, ɗaya ta rasu. Na zauna a ɗaki ina buɗe murfi ina rufewa, ina kunna muryar ina kwatanta ƙarar, har maigidan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ji tsoron Allah in ci abinci. Duk ƙararsu ɗaya. Na duba gindinsu a rana ko zan ga ragowar lamba, amma Gwaggo ba ta aikin wasa.

Neman yarinyar, wanda ya gagari Inna shekara talatin da wani abu, mako biyu ya ɗauke ni. Wannan ma wani ciwon ne. Wata tsohuwa a Babban Giji ta tuna mijin, ta haɗa ni da ƙanwarsa, ita ta ba ni kwatance. Ashe yarinyar tana Daurawa, nas ce, 'ya'yanta huɗu. Da na saurara a kan lokaci, da Inna da kanta za ta hau a-daidaita-sahu ta kai mata, tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwan shayi ba.

Na je da buhun wata Asabar da hantsi. Mace ce doguwa mai sanyin magana, ta girme ni kaɗan. Ta shimfiɗa mini darduma ta kawo ruwa. Na faɗa mata komai, har ƙaryar, ban rage ba. Na kunna mata lamba ta talatin da ɗaya. Da Inna ta ambaci sunan mahaifiyarta sai ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Ta ce ko hotonta ba ta da shi, ko tsinke nata ba ta taɓa riƙewa ba.

Na fito da kwanukan na jera mata a kan leda. Ta bi su da kallo, ta ɗauki wani mai koren fure ta juya, ta buɗe ta shinshina, ta ajiye. Ta ɗauki wani.

"Wanne ne, 'yar'uwa?"

"Ban sani ba."

"Ba ta faɗi launinsa ba?"

"Ta tambaye ni ko ta riƙa faɗa. Ni na ce kar ta faɗa."

Na ce ta ɗauki duka sha ukun, ƙannena sun yarda. Wani malami da na tambaya ma ya ce in an rasa ainihin abu a ba da madadinsa a nemi yafiya. Ta girgiza kai. Ta ce kabet ɗinta cike yake da kwanuka, ba kwano ta rasa ba. In ta ɗauka, kullum za ta riƙa kallonsu tana cewa ko wannan ne, ko kuwa yana can wani ƙauye ana jiƙa dusa a ciki. Gara ta zauna yadda ta saba.

"Inna kuwa na yafe mata duniya da lahira," in ji ta. "Ta riƙe shekara talatin ba ta sayar ba, ba ta ci a ciki ba. Ita ai ta yi nata."

Ba ta ce ni ban yi nawa ba, ba irin matan nan ba ce. Ta roƙe ni in tura mata muryar a wayarta, na tura. Ta taya ni mayar da kwanukan cikin buhu, ta kama mini gefensa ɗaya har titi, ta tsayar mini da a-daidaita-sahu. Mai mashin ɗin ya tambaya ko kayan amarya ne.

Ƙannena ba su nemi nasu ba, ni ma ban mayar ba. Ba wadda ke son ta zuba miya a cikin abin da ba ta san ko na marainiya ba ne. Kundina yana laburaren sashenmu da baƙin bango da rubutun ruwan gwal, an ce ɗalibai suna ɗauka suna karanta babi na huɗu. Bara malamina ya kira ni ya ce in zo mu faɗaɗa aikin zuwa gidaje da yawa, na ce masa yara sun yi mini yawa.

Daga talatin da biyu zuwa arba'in da biyu na saurare su duka a ranar nan, ko da wani abin kuma. Babu, labaran biki ne da na haihuwa. Talatin da ɗaya ce kawai nake komawa, yawanci ranar Juma'a da hantsi in gidan ya yi shiru. Nakan bari ta kira sunan, ta ce, "Kin ji ko?" A cikin shirun nan kafin ta gano maɓallin nakan ce, "Na ji, Inna." Sai a ji akuyar ta yi kuka, muryar ta yanke.